Awon sukari a Damagaram: abin da jini ke nunawa tun da wuri, da abin da ke ɓata sakamakon

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi wa jama'a bayani a kan ciwon sukari nau'i na biyu, da ƙiba, da abin da ke haɗa su, wato jiki ya daina jin insulin. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Damagaram, wasunmu a ɗakin awon jini, wasu a ɗakin duba marasa lafiya. Abin da ke damun mu shi ne an mayar da maganar ciwon nan gaba ɗaya lamba guda, wadda ake samu da soka yatsa. In ta fito ƙasa sai a ce wa mutum ba ya da shi, ya kama gabansa. Alhali sukarin safe, wato wanda ake aunawa kafin a ci komai, yana cikin alamomin da ke tashi a makare, kuma shi kansa awon akwai abubuwa da yawa a ƙasar nan da ke karkatar da shi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Wani ɓangare na wannan rashin sani daga yadda ake awo yake.

Insulin sinadari ne da fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, ke zubowa cikin jini bayan an ci abinci. Aikinsa uku ne: ya sa tsoka ta kwashe sukari daga jini, ya hana hanta ƙaro sabo, ya hana kitse narkewa yana kwarara cikin jini. Tsoka ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kusan 80 cikin 100 a lokacin da insulin ke kan aiki. Idan insulin ya manne a jikin ƙwayar tsoka, saƙonsa yana bi ta wani furotin mai suna IRS-1, daga nan wani mai suna GLUT4 ya fito bakin ƙwayar ya shigar da sukari. Kitsen da ke ƙarƙashin fata kamar rumbu yake: muddin da wuri a ciki, hatsi na zaune lafiya, amma in ya cika sai a fara jibge buhuna a zaure da ɗakin kwana. Haka maiƙon da ya rasa wurin ajiya ke taruwa tsakanin hanji, da cikin hanta, da cikin tsoka. Ɓurɓushinsa a cikin ƙwayar tsoka yana daƙile IRS-1, saƙon ya kasa wucewa. Kitsen ciki ya fi na cinya da na ɗuwawu ɓarna, domin jininsa kai tsaye yake zubawa cikin hanta.

Fankiriyas ba ta sallamawa nan da nan. Tana ninka insulin ɗin da take fitarwa, sukari ya zauna daidai, a yi shekaru a haka mutum na jin kansa garau. Babban binciken da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS ya nuna cewa ranar da aka gano ciwon, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin da ke yin insulin ya riga ya tafi. Waɗannan shekarun na shiru su ne ya kamata awo ya kama.

Ga yadda abin ke fitowa a lissafi. A 1985 masana a Okisfod suka fito da wani ma'auni da ake kira HOMA-IR: a ninka insulin na safe da sukarin safe a ma'aunin mmol/L, a raba da 22.5. Mu ɗauki magidanta biyu, kowanne sukarinsa 0.90 g/L, wato 5.0 mmol/L. Na farko insulin ɗinsa 5 ne, lissafinsa ya ba da 1.1. Na biyu insulin ɗinsa 18 ne, ya ba da 4.0. Takardar gilisemi, wato awon sukarin jininsu, iri ɗaya ce sak, amma fankiriyas ta na biyu tana aiki fiye da ninki uku kafin ta riƙe wannan lamba. Duk da haka ba ma ba kowa shawarar ya bi awon insulin. Yana da tsada, injuna ba su ba da lamba ɗaya, babu iyakar da duniya ta yarda da ita, kuma in jajayen ƙwayoyin jini suka fashe a kwalba suna sakin abin da ke cinye insulin ɗin, lamba ta faɗi ta ƙarya.

Sauran alamomin da ake yayatawa a intanet ma haka suke. Tun 1993 aka gano kitsen mai ƙiba na fitar da sinadarin kumburi TNF-alfa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka gano leftin, wanda ke ƙaruwa da yawan kitse. Jim kaɗan bayan haka aka gano adifonektin, wanda shi kuma raguwa yake yi in tumbi ya ƙaru, kuma ƙarancinsa na tafiya tare da rashin jin insulin. An ga wasu tubalan furotin guda uku, liyusin da isoliyusin da balin, suna hauhawa a jini shekaru kafin ciwon ya bayyana. A gefen gado, an danganta ƙwayar halitta TCF7L2 da ciwon sukari a 2006, FTO da ƙiba a 2007, sannan a 2019 wani bincike da aka yi kan mutanen Najeriya, Gana da Kenya ya fito da ZRANB3. Duk wannan ilimi ne na gaskiya, ya bayyana mana hanyar da ciwon ke bi. Amma babu ko ɗaya daga ciki da zai canja maganin da za a ba mutum gobe da safe. Wanda ya sayar da akuyarsa don a aika jininsa waje a auno leftin an cuce shi.

Abin da ke da amfani a hannunmu yake, kuma na farko tef ɗin tela ne. Mutum ya miƙe tsaye, ya cire babbar riga ko ya sassauta zani, a lalubo haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu, ya saki numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba, sannan a karanta. IDF ta sa iyaka a santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, sai dai a jikin Turawa aka samo waɗannan lambobi, aka ce mu yi aiki da su kafin a samo namu. Mafi sauƙi shi ne kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Sikeli kaɗai yana yaudara. Ɗan kasuwa mai kilo 70 da tsawon 1.70, ma'aunin nauyi da tsawo zai ba shi 24.2, wato daidai, alhali ƙugunsa 96 ne, hannu da ƙafa sirara, teɓa a gaba, yana zaune a shago tun safe, shayi zagaye uku da sukari, in zai je gida ya hau kabu-kabu. Wannan ya fi mai kilo 85 da ke noma shiga haɗari.

A duba wuya kuma. Baƙin da ke kwanciya a ƙeya, da hammata, da matsematsi, mai kauri da laushi, wanda ba ya fita ko an dirje da soso, ba dauɗa ba ce. Yawan insulin ne ke sa fatar wurin yin kauri. Ana yawan yi wa yara masu jiki faɗa a kan wanka saboda shi. Mace mai wannan alama, ga al'ada na yi mata wasa, ga gashi a haɓa, ga jinkirin haihuwa, ta cancanci a auna mata sukari ko da shekarunta ashirin. Haka wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye. Kuma dole a tambayi mace ko tana shan maganin ƙiba irin sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin. Da yawansu na ɗauke da dekisametazon ko danginsa, waɗanda ke tara kitse a ciki da fuska, su tayar da sukari da tansiyo. Sukarin mai shan su ya fi tashi da rana da yamma, don haka awon safe na iya fitowa lafiya. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya. Likita ne zai rage mata a hankali, domin yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Sai awon maiƙon jini. Tirigiliserid da ya kai 1.50 g/L, tare da kolestarol mai kyau, HDL, ƙasa da 0.40 ga namiji ko 0.50 ga mace, su ne hoton rashin jin insulin da littattafai ke koyarwa. A nan akwai tarko. An nuna sau da yawa cewa baƙar fata ƴan asalin Afirka kan kasance da tirigiliserid daidai ko da jikinsu ya daina jin insulin. Saboda haka in ya fito sama alama ce, in ya fito ƙasa bai wanke kowa ba. ALAT, sinadarin da ake aunawa a jini don duba lafiyar hanta, yakan ɗan hau in kitse ya kwanta a hanta, amma a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar tamu, sai an fara kawar da shi kafin a ɗora wa kitse laifi. CRP, alamar kumburi, tana zama tsakanin 3 da 10 mg/L ga masu kitsen ciki da yawa. In ta haura 10 a nemi cuta: zazzaɓin cizon sauro, ƙurji, ciwon haƙori, tarin fuka. Auna ta a damina ga mai zazzaɓi da sunan neman haɗarin ciwon sukari ɓata kuɗi ne.

Yanzu ga awon sukarin kansa, inda aka fi yin ɓarna. Iyaka ita ce 1.26 g/L da safe bayan aƙalla awa 8 ba a ci komai ba, kuma sai an maimaita a wata rana, sai fa in alamomi sun bayyana ƙarara, kamar ƙishirwa, yawan fitsari da rama, tare da sukari 2.00 g/L ko fiye a kowane lokaci. Daga 1.10 zuwa 1.25 Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar mutum a bakin ciwon, Amurkawa kuwa daga 1.00 suke farawa. Ruwa zalla ba ya karya wannan azumi. Shayi, kunu, ko ɗan dabino bayan sallar asuba suna karya shi, kuma mutane da yawa ba sa lissafa su a abinci, sai an tambaya da suna.

Jini a kwalba rayayye ne, ƙwayoyinsa na ci gaba da cin sukari, kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, kuma zafi na ƙara musu sauri. Jinin da aka ɗiba yana 1.30, aka bar shi awa biyu a kan tebur kafin a juya shi a inji, zai sauko wajen 1.15. Mai ciwo ya koma gida da takardar da ta ce bai kai ba. Wannan a ɗaki mai sanyi ke nan, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura digiri 40, balle jinin da aka ɗauko a babur daga wani ƙauye na Mirya ko Magarya. Kwalbar da ta dace ita ce mai murfi ruwan toka, mai fuloraid, amma shi ma fuloraid ɗin yakan ɗauki har awa huɗu kafin ya tsayar da cin sukarin baki ɗaya. Gyaran shi ne a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin minti 30, in ba hali a tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara, kuma a rubuta lokacin ɗiba a jikinta.

Ƙaramin injin yatsa na bin diddigin mai ciwo ne, ba na yanke hukunci ba. Yawancin tsinkayensa an ce a ajiye su ƙasa da digiri 30, cikin gwangwaninsu a rufe. Wanda ya kwana ya wuni a akwatin babur ko a tebur cikin rana a kasuwar Dole ya tashi daga aiki ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Yatsan da ya taɓa dabino, mangwaro ko rake yana ba da lamba mai tayar da hankali. A wanke hannu da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Matse yatsa da ƙarfi yana gauraya jini da ruwan nama. Mai ƙarancin jini kuma, yawancin injunan nan suna ƙara masa lamba. Ga kuma rikicin ma'auni. Labo ɗinmu da g/L suke rubutu, injunan yatsa da yawa da mg/dL, takardun da mutanenmu ke dawowa da su daga Kano kuwa galibi da mmol/L. Lamba 7.0 a takardar Kano ita ce 126 a inji, ita ce 1.26 a nan: a ninka mmol/L da 18 a sami mg/dL, a raba da 100 a sami g/L. Mai 5.5 daga Kano lafiyarsa lau, 0.99 ke nan. Mai 5.5 g/L kuwa gadon asibiti yake buƙata a ranar.

Wani awon kuma, HbA1c, na auna sukarin da ya manne a jikin haimogulobin, furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Da yake jan ƙwayar jini na rayuwa kusan kwana 120, awon na ba da labarin wata biyu zuwa uku, kuma ba ya buƙatar azumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi wajen gano ciwon a 2011, da iyakar 6.5 cikin 100. Sharaɗinsa ɗaya: ƙwayoyin jini su cika kwanakinsu. A nan ne namu ya bambanta. Duk abin da ke gajarta ran ƙwayar jini yana saukar da lambar ta ƙarya: zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini, zubar jini bayan haihuwa, ƙarin jini da aka yi kwanan nan. Ga mai cutar sikila, SS ko SC, awon ba ya da amfani sam. Ga mai ɗauke da rabinta, AS ko AC, ya danganta da irin injin, kuma haƙƙin labo ne ya sani ya faɗa. Akwai kuma ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, gadon da ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma yawancin masu shi ba su sani ba. Wani babban bincike na 2017 ya nuna yana rage HbA1c na namiji da kusan 0.8. Wanda ya kamata ya fito 7.0 sai ya fito 6.2, a sallame shi. Ƙarancin ƙarfe a jini kuwa, wanda ya addabi matanmu, ɗaga lambar yake yi. Shi ya sa muke ganin kada a karanta HbA1c a Damagaram sai da awon yawan jini a gefensa, da tambayar zazzaɓi da ƙarin jini na wata uku da suka wuce. Inda ba a yarda da shi ba, wani awon jini mai suna furuktosamin na ba da labarin sukari na mako biyu zuwa uku.

In tef da wuya da tarihin gida sun nuna haɗari amma sukarin safe ya fito daidai, awon da ke raba gardama shi ne na shan gulukos. Kwana uku kafin nan mutum ya ci tuwonsa da furarsa yadda ya saba, kada ya ƙaurace wa abinci don ya ci jarrabawa. Ya zo da azumi, a ɗibi jini, ya shanye giram 75 na gulukos cikin ruwa mililita 250 zuwa 300 a minti biyar, ya zauna wuri ɗaya ba yawo ba sigari, a sake ɗiba bayan awa biyu cif. Daga 1.40 zuwa 1.99 yana bakin ciwon, 2.00 ko fiye ciwon ne. Yana cin lokaci, amma yana kama mutane da yawa da awon safe ya bari, tunda tsokar da ta daina jin insulin bayan cin abinci take fara nuna gazawarta.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan duka ciwo, wato ɗaukar kowane mai sukari a matsayin mai ƙiba da ya kamata ya rage ci. A watan Afrilun 2025 IDF ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama matasa ramammu da suka sha tamowa tun suna ciki ko suna ƙanana. Jikinsu na jin insulin, fankiriyas ɗin ce ba ta ginu sosai ba. Jihar Damagaram na cikin waɗanda yunwar 2005 ta fi taɓawa, kuma jariran wancan lokaci yau samari ne da ƴan mata, wasu da aure. Saurayi mai kilo 45 da sukari 3 g/L ba a ce masa ya rage tuwo. Akwai kuma wani salo da aka sani a Afirka ta Yamma: babba ya zo a galabaice, sukari a sama, ga keton, abin da jiki ke fitarwa in yana ƙona kitse saboda rashin insulin, a fitsari, a sa shi a insulin, bayan makonni ko watanni fankiriyas ta farfaɗo har a iya mayar da shi kan ƙwaya. A irin waɗannan wurare ne awon feftid C ya cancanci kuɗinsa. Fankiriyas na fitar da shi daidai da yawan insulin, kuma babu shi a insulin na allura, don haka yana nuna abin da jiki ke yi da kansa. A auna shi bayan sukari ya sauka na wasu makonni, tare da sukarin wannan lokacin, a tuna kuma ciwon ƙoda na ɗaga shi. Kada mara lafiya ya ajiye allurarsa don ya ji sauƙi, sai awo ya nuna.

Abin da ya sa muke nacewa a kan kamawa da wuri shi ne wannan matakin yana komawa baya. Binciken DPP na Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna cewa masu bakin ciwon da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58, na masu shan maganin sukari metformin da kashi 31. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ke nan, da tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar a mako. Kitsen hanta da na ciki su ne kan fara tafiya, shi ya sa tef kan nuna canji tun sikeli bai motsa sosai ba.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya na jiha shi ne a wadata cibiyoyin lafiya da kwalabe masu fuloraid da tef ɗin awo, a sa kowane labo ya buga ma'auni da sunan hanyar da yake bi wajen HbA1c a kan takardar sakamako, a kuma sa awon furotin a fitsari, wanda iyakarsa 30 mg/g ce, da na kireyatinin, masu nuna lafiyar ƙoda, cikin abin da za a yi wa kowane mai ciwon ranar da aka gano shi, sannan sau ɗaya a shekara. Jami'ar André Salifou na da sashen ilimin lafiya, ga babban asibitin ƙasa a garin nan. Muna fata ɗalibai da malamansu su auna ƙugu, HbA1c da awon shan gulukos na mutanen Birni, Zango da ƙauyukan kewaye, tare da nau'in jininsu, domin mu san santimita nawa ne iyakar Badamagare da Badamagara, kuma mutum nawa cikin ɗari HbA1c ke bari su wuce.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.